Rumfar Caji

Rumfata tana bakin tasha, inda hanya ta bar Daura ta nufi Zango.
Allon katako, soket arba'in da biyu,
da ɗan janareta mai tari kamar tsohon da ya daɗe yana zuƙar taba.
Naira ɗari kowace waya. Ba na ba da bashi.

Sai Barira.

Takan zo bayan la'asar, farar rigarta ta koɗe a kafaɗa,
ta miƙo wayar asibiti, gilashi a tsage, an ɗaure ta da kyauro,
ta ce: Sallau, cika mini ita, akwai mata goma sha tara a ciki.
Na ɗauka wasa ne.
Ashe sunayensu ne, da watannin cikinsu,
da wadda ƙafarta ta kumbura, da wadda jininta ya hau,
da wadda mijinta ya tafi cirani bai bar lamba ba.
Tun ranar nake ba ta soket na sama,
wanda ruwa ba ya kaiwa in rufi ya yi yoyo.

Na ga aikin wayar da idona.
Daren da ɗan Mati ya sheme,
Barira ta ja fatar idonsa, ciki fari fat kamar auduga,
ta ɗauki hoto, sabis ya ƙi.
Ta fita da gudu ta hau surin bayan masallaci,
hannu a sama kamar mai roƙon ruwa,
har sanda biyu suka fito.
Wata likita a Katsina, wadda ba ta taɓa taka garinmu ba,
ta ce jini yake nema, a sa shi a mota, kada a jira asuba.
Yaron ne yanzu ke damuna kullum:
wai wayar babansa ta cika?

Amma kada in yi muku ƙarya.
Mahaifina ma yana cikin waya.
Duk Talata saƙo kan shigo: Malam Ɗanjuma, ka sha maganinka,
ka rage gishiri, ka zo awo.
Bai yi boko ba, ni ke karanta masa,
ya yi dariya ya ce: wa ya gaya mata ina lasar manda a ɓoye?
Ya je awo. An auna. Allo ya nuna ja.
Maganin ne babu a kantar asibiti,
sun ce mota tana hanya, sai wata ya kama.
Waya ta san ciwonsa sarai,
hannun miƙo ƙwaya ne ba ta da shi.

Ranar Asabar muka kai shi makwanci.
Talata na zagayowa aljihuna ya yi ƙara:
Malam Ɗanjuma, ka sha maganinka.
Na zauna a benci na karanta a bayyane,
har ƙarshe, yadda na saba.

Barira ta ce in kawo ta cire sunan.
Na ce bari tukuna.
Ta yi shiru. Can ta danna wani wuri da ban sani ba,
ta rubuta kwanakin da suka yi ba magani, ashirin da shida,
ta tura sama.
Ban san wa ke karantawa a can ba.
Na dai ga an sauke kwali huɗu kafin sallah.
Ban ce dominmu ne ba,
ban kuma ce ba dominmu ba ne.

Mai ya yi tsada. Na ƙara kuɗin caji, ana ta gunaguni.
Jiya ta iso da magariba, wayar a mace tun azahar.
Na ce: su nawa ne yau?
Ta ce ashirin da ɗaya. Ɗaya ta sauka da hantsi, mace, lafiya lau.
Na zare ta wani direba, ko rabi ba ta kai ba,
na sa tata a soket na sama.